Shekari da Tulun Mama Abigail

Idan ka tambayi mutanen Kamazou wane ne Shekari Ishaku, a da amsa ɗaya za ka samu: "Ai mai maganin nan ne." Wannan suna ya ja masa wahala ba kaɗan ba, domin shi ba likita ba ne, ba shi da kemis, ko zazzaɓi bai iya dubawa ba. Amma da ya zauna a wurin biki ko zaman makoki, sai wani ya jawo kujera kusa da shi, ya naɗe ƙafar wando, ya nuna masa kumburi. Shi kuwa aikinsa ɗaya ne a duniya. Yana kan injin buga ƙwayar magani a wani kamfani da ke Kudenda, kuma ba kowace irin ƙwaya ba, mai hawa biyu, ƙasa fari, sama ruwan hoda.

Mahaifinsa daga wajen Zonkwa ya zo Kaduna, ya yi aiki a masaƙar Kakuri har ranar da aka garƙame ƙofarta. A nan Kakuri aka haifi Shekari, ya tashi yaro mai sanyin jiki wanda in an aike shi sayen gishiri sai miya ta nuna kafin ya dawo. Ba yawo yake yi ba, tafiyar ce haka. Ya girma bai canja ba. Yana gaisuwa a hankali, yana cin tuwo a hankali, har neman auren Judith ya yi shi a hankali, sai da ita da kanta ta tare shi a bakin coci ta tambaye shi ko yana da wata magana. A kamfanin, da ɗaukar kwali ya fara, aka mai da shi wurin wanke ƙarafan inji, daga nan aka ɗora shi kan ƙaramin inji mai buga maganin ciwon kai. Da aka kawo babban injin nan mai mazubi biyu, samari masu zafin nama duk suka gwada, suka gaji da fitinarsa. Sai aka ga sanyin jikin nan da ake yi wa Shekari dariya a kai shi ne daidai abin da injin yake so.

Kada ka kuskura ka tambaye shi me ya sa ƙwayar take da launi biyu, sai fa idan ba ka da inda za ka. Zai gyara zama ya ce, "Magani biyu ne na hawan jini, kuma ba sa shiri. Idan ka kwaɓa garinsu wuri ɗaya, farin zai lalata ɗayan tun kafin su kai kasuwa. Amma jiki yana son su tare. To sai a gina musu bene, kowa da ɗakinsa." Daga nan zai kai ka cikin injin. Farin gari yake fara zuba, ƙarfe ya sauko ya ɗan danne shi. Ɗan dannewa fa. In an danne da ƙarfi, samansa zai yi sulɓi, na biyu ya zo ya rasa inda zai kama, a kai ƙwaya kasuwa ta rabe biyu a cikin leda. In kuma ba a danne ba sam, su cakuɗe. Sai mai ruwan hodar ya zuba a kai, sannan a yi musu danna ta gaske. Da damina garin yakan sha danshi ya yi gardama, da rani ya bushe ya yi wata gardamar. Judith ta ji wannan bayani har tana iya ƙarasa masa jimla tana tsintar wake.

Abin ya bi shi har waje. A bikin ƙanwar Judith an kawo kek mai hawa, kowa yana ɗaukar hoto, shi kuwa ya sunkuya yana leƙen inda na sama ya haɗu da na ƙasa, ya girgiza kai ya ce wannan ba zai kai yamma ba. Bai kai ɗin ba kuwa, amma har yau dangin matar sun yi imani bakinsa ne.

Mahaifiyarsa, Mama Abigail, a gidansa take tun rasuwar tsohon. Mace ce gajeriya mai ƙarfin hannu, kuma duk saurin da Allah ya hana ɗan, ita ya ba. A cocinsu ita ke buga babban tulu a Zumuntar Mata, wato tulun nan da ake dukan bakinsa da wani faffaɗan soso mai kama da mafici, ya ba da sautin da kake ji a ƙirji kafin kunne. Tun Shekari yana rarrafe take kan tulun nan. An canja fastoci, an rushe ginin laka an yi na bulo, an sake zanen Zumunta ya fi a ƙirga, ita tana nan. Wadda ke zaune kusa da ita a benci, Mama Comfort, ƙaramin tulu take bugawa, kuma kowa a cocin ya san inda idonta yake.

Wata rana Mama ta je duba gonarta ta masara a Kakau, jiri ya kwashe ta, aka dawo da ita a keke napep. A asibiti aka ce hawan jini ne. Maganin farko da aka ba ta ya kumbura mata ƙafa, aka canja. Da likitar, wata matashiya mai suna Dokta Charity, ta miƙo takardar sabon magani, Shekari ya duba ya ga sunan ƙwayarsa. Gaskiya sai a faɗe ta: daɗi ya ji. Ya ji kunyar jin daɗin, ya roƙi Ubangiji gafara a zuci, amma dai daɗin ya ji, cewa duk cututtukan duniya mahaifiyarsa ta zaɓi wadda shi yake buga wa magani. Bai gaya wa likitar komai ba, don kada a ce yana fahariya. Ya je kemis ya tabbatar na kamfaninsu aka ba shi.

Daga ranar, kowace safiya kafin ya fita ya tari motar ma'aikata, sai ya ɓalle ƙwaya ɗaya ya sa wa Mama a tafin hannu. Ita kuma ta ce, "Allah ya yi maka albarka, in na karya zan sha." Watannin farko jinin ya sauka, kowa ya yi murna. Shekari har tafiyarsa ta ɗan ƙara sauri.

Sai kuma abin ya juya. Aka koma asibiti, jinin ya hau. Aka sake komawa, ya ƙara hawa. Dokta Charity ta cire abin awo daga damtsen Mama ta dubi Shekari.

"Mama tana shan maganinta kuwa?"

"Kullum. Ni nake ba ta da hannuna."

"Gishiri fa?"

"Matata ta rage shi har mu ma ba ma jin daɗin miya."

Likitar ta juya kwalin maganin a hannunta. "To wataƙila maganin ne. Ka san wasu kamfanonin, suna ne kawai a jikin kwali, abin da ke ciki Allah kaɗai ya sani. Ba na so in tsorata ku, amma in jinin nan ya ci gaba a haka, ina jin tsoron shanyewar ɓarin jiki. Ku dawo nan ba da jimawa ba mu sake gani."

Shekari ya ce to. Ya riƙe wa Mama jaka suka fito. A cikin keke har Kamazou abu ɗaya yake juyawa a ransa, wanda ba ya faɗuwa: in maganin ne ba shi da kyau, to shi ne yake kashe uwarsa da hannunsa, kuma kowace safiya tana sa masa albarka a kai.

A wurin aiki ya zama fitina. Ya tsai da inji ya auna ƙwaya, ya tayar, ya sake tsayarwa. Ya dinga zirga-zirga zuwa ɗakin gwaji cikin farar riga da hula da takunkumi, yana tambayar ko sun tabbata mai ruwan hodar yana zuba yadda ya kamata. Suka gwada suka ce lafiya lau. Ya ce su sake. Suka sake, suka ce masa in ya ƙara leƙowa za su kulle ƙofa. A gida ya daina cinye tuwonsa, kuma ya daina bayanin bene, wanda shi ne ya fi tayar wa Judith da hankali.

Abin ya warware ne ranar da ya manta katin shiga kamfani. Har ya kai bakin titi ya juyo. Judith ta riga ta tafi shagonta na ɗinki, gaban gidan shiru, amma yana jin muryoyi a baya, gindin mangwaro. Ya zagaya. Mama ce a kan kujera 'yar tsugunno, tabarau a hanci, faifai a cinya. Gefenta ƙawayenta biyu na Zumunta, Mama Christy da wata tsohuwa daga Mahuta, kowace da faifanta. Da farko ya ɗauka tsintar shinkafa suke yi. Sai ya ga reza a hannun Mama, ya ga ƙwayarsa a tsakanin yatsunta, tana kankare samanta a tsanake, garin ruwan hoda yana zuba.

"Mama, me kike yi?"

Ba ta ko razana ba. "Ina gyara magani."

"Gyara kuma?"

"Na saman nan nake cirewa. Shi ne mai sa fitsari. Na fara cire farin na gani, fitsari bai tsaya ba. Da na cire wannan, shi ke nan."

Mama Christy ta ɗaga kai ta gaishe shi da fara'a, da sunan 'yarsa kamar yadda matan cocin suka saba. "Baban Debby, naku fa akwai taurin kai. Wanda nake sha da, na wani kamfani, da farce ma nake ɓamɓare shi. Wannan kuwa sai reza ta dakushe. Ku ɗan sassauta mana, don Allah."

A nan ne Shekari ya gamu da abin da bai taɓa gamuwa da shi ba. Tsoro ya kama shi, zuciyarsa ta yi sanyi don ashe ba injinsa ba ne, sannan can ƙasa wani abu mai kama da alfahari ya ɗago kai da jin cewa reza tana dakushewa. Ya rasa wanne zai fara ji, sai ya nemi dutse ya zauna.

"Mama, rabin magani kike sha. Rabin. Shi ya sa jinin ya hau. Wannan da kike zubarwa shi ne yake fitar da ruwan da ya yi wa jiki yawa."

"Wa ya ce maka zubarwa nake?" Ta sunkuya ta jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin kujera ta buɗe. Ya kusa cika da gari da ɓarɓashi ruwan hoda. "Aikin hannunka ne. Yaya zan zubar?"

Ya daɗe yana kallon cikin gwangwanin. Motar ma'aikata dai ta tafi ta bar shi ranar.

Da ƙawayen suka ga yanayin, suka tattara faifansu suka sulale. Sai Mama ta ba shi labari. Wata Lahadi, a farkon shan maganin, ana tsakiyar waƙar baiko, wadda ake yi lokacin da jama'a ke fita ba da sadaka, fitsari ya matsa mata. Ban ɗakin cocin kuwa can baya yake, sai ka wuce ɗakin janareta. Ta ajiye soso ta fita. Ko da ta dawo, Mama Comfort ta bar ƙaramin tulunta ta hau babban, tana buga shi da gudu kamar an biyo ta, ƙananan matan nan kuma suna ta rawa suna guɗa. Mama Abigail ta tsaya a gefe. Waƙar ta ƙare, aka ɗauko wata, Mama Comfort ta yi kamar ba ta gan ta ba. A tsaye ta ƙarasa sujadar, a gaban dukan ikilisiya.

"Daga ranar na sayi reza," in ji ta. "Da farko Lahadi kawai nake yi. To ga koyon waƙa, ga jana'iza, ga biki, ga ziyara. Sai na ga gara in gyara su duka in huta."

Shekari ya sake yin bayanin bene. Ya gaya mata abin da likita ta ce game da shanyewar jiki, ya ce hannun da take buga tulun da shi ne zai fara mutuwa. Ya yi lallashi, ya yi fushi irin nasa, wanda ba ya kai ko'ina. Mama ta saurare shi har ya gama.

"Na ji. In zan faɗi, in faɗi a kan tuluna."

Da yamma Judith ta kawo shawara, a samu wata mai hankali cikin matan ta dinga riƙe mata in ta fita. Mama ta yi tsaki. Ta ce ta san matan nan ɗaya bayan ɗaya, babu wadda za ta zauna kan babban tulu ta ji yadda yake amsawa sannan ta tashi da kanta.

Suka koma asibiti da gwangwanin. Dokta Charity ta buɗe, ta leƙa, ta saurari labarin, ta rufe baki da hannu tana dariya. Da ta ji kuma cewa mutumin da ke zaune a gabanta shi ke buga ƙwayar da ta yi wa zargi, ta ba shi haƙuri, shi kuma ya ce ba komai, alhali ya rame a kai. Ta karɓe gwangwanin ta ce kada kowa ya taɓa abin da ke ciki, kuma a turo mata sauran tsofaffin. Ta ce ba ta son canja maganin, don shi ne ya karɓi Mama. Ta ce Mama ta dinga sha da sassafe tun kafin karin kumallo, yawancin fitsarin zai wuce kafin rana ta yi, koyon waƙar yamma ba zai zama matsala ba. "Amma sujadar safe, Mama, ba zan yi miki alkawari ba. Wata rana dole ki fita."

A hanyar gida, keke yana faɗawa ramukan Sabon Tasha, Mama ta yi magana ba tare da ta dubi Shekari ba.

"Zan haɗiye shi duka. Amma in na tashi, kai za ka riƙe mini."

"Ni? Mama, Zumuntar Mata ce fa."

"A ina aka rubuta namiji ba ya riƙe wa uwarsa tulu?"

"Ban iya ba."

"A gindinsa ka yi rarrafe. Kuma ba gwaninta nake nema ba. Wanda zai tashi nake nema."

Shugabar mata ta amince, galibi don tana son ganin yadda abin zai kasance. Ran Lahadi da asuba Shekari ya sa wa Mama ƙwaya a hannu, ya tsaya. Ta ɗaga ta, ta juya ta, ta jefa baki da farin da ruwan hodar, ta kora da ruwa, ta buɗe masa baki ya gani kamar ƙaramar yarinya. A coci Judith ta yafa masa ƙyallen zanen Zumunta a kafaɗa, ya je ya zauna a ƙarshen bencin mata, mutum mai furfura, hannuwa a kan gwiwa. Ɓangaren maza sai tari ake yi wanda ba na mura ba. 'Yarsa Debby ta sunkuyar da kai a cikin matasa, ba ta ɗago ba.

Ya yi ta addu'a a zuci kada bukatar ta taso. Aka yi waƙar buɗewa lafiya, aka yi karatu, aka yi wa'azi. Sai aka zo waƙar baiko, mai tsawon nan da ba ta ƙarewa sai kowane layi ya fita ya dawo. Ana tsaka da ita Mama ta mintsine shi a cinya, ta danƙa masa soso, ta miƙe ta bi ta ƙofar gefe, ba gaggawa.

Shekari ya matsa ya sa tulun tsakanin ƙafafunsa. Dukan farko ya fito kamar an yar da buhu. Na biyu ma haka. Sai ya rufe ido, ya ji a ransa abin da yake ji kullum a Kudenda: a ɗan danne, sannan a danne sosai. Ƙarami, babba. Ƙarami, babba. Hannunsa ya kama, tulun ya amsa. Babu ado a kiɗan, babu salo ko ɗaya, amma bai ƙara sauri ba, bai rage ba, kuma matan suka ga ana iya taka rawa a kansa.

Mama Comfort ta matso a benci har kafaɗarta tana gogar tasa.

"Kawo, Baban Debby, ka huta. Wannan ba aikin maza ba ne."

Bai buɗe ido ba.

"Ka ji ni kuwa? Kawo in taimake ka."

"Na gode, Mama. Ajiya aka ba ni."

Ta kama gefen soson ta ɗan ja. To mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana hana abu biyu rabuwa, ba Mama Comfort ce za ta raba shi da tulu ba. Ta ja, ya ci gaba da bugu da hannunta a jiki, har ta gaji ta saki ta koma kan ƙaraminta.

Da ya ji inuwa a kansa ya buɗe ido. Mama ce tsaye. Ya miƙe nan take, tun kafin ta miƙo hannu, ya ba ta soso, ta zauna ta ɗora daga inda ya tsaya, ta ƙara masa gishirin da ya rasa. Bayan an tashi, suna tafiya gida, ta ce, "Kiɗanka kamar na janareta, babu daɗi ko kaɗan. Amma ka tashi."

Jinin ya sauka a awo na gaba, ya kuma zauna a ƙasa. Mama Christy ita ma ta daina kankare maganinta. Ita dama kacau-kacau take kaɗawa, kuma ta gano ana iya fita da shi, don haka in ka ji ƙarar tana tahowa daga bayan coci ka san inda take. Mutanen Kamazou sun rage nuna wa Shekari kumburi, yanzu "mai riƙon tulu" suke ce masa, kuma ba ya musu. Kowace Lahadi yana ƙarshen bencin nan da ƙyallensa a kafaɗa, yana jiran mintsini.

Abu ɗaya ne bai gaya wa kowa ba, ko Judith. Wata Lahadi yana cikin bugu ya buɗe ido da wuri, ya dubi taga. Mama ba ta je ban ɗaki ba. Tana nan tsaye a waje, jikin bango, ta harɗe hannu a baya, tana sauraron ɗanta tana gyaɗa kai a hankali. Ya mai da idonsa ya rufe, ya ci gaba da bugu har ta gama ji ta dawo.